Ƙofar da Ban Rubuta Ba

Masu cewa na cika tsirfa, na ga saƙonninku. Na ga har na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa da ita ce ta samu manemi irin nawa, ko takalmi ba za ta tsaya sawa ba. 'Yar'uwa, ki daure ki karanta na yau har ƙarshe. Idan kin gama har yanzu kina so, ni da kaina zan rako miki shi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, bari in taƙaita. Shekaruna ashirin da takwas, ni ce auta a gidanmu, kuma Autar ake kirana har a gaban baƙi. Ina aiki a ofishin masu auna filaye, ina zana taswira daga takwas zuwa huɗu. Akwai mutumin da ke neman aurena wata bakwai ke nan. A gidanmu ba a kiran sunansa. Tun ranar da ya cire takalmi a bakin ƙofa ya jera su kai ɗaya, Umma ta laƙaba masa Mutumin Kirki, sunan ya bi shi. A kamfanin inshora yake aiki, shi ne wanda ke zama ya lissafa yiwuwar gidanka ya ƙone. Abokin Yayana ne tun suna makaranta. Ba ya ɗaga murya, ba ya makara, rigarsa ba ta san yamutsewa ba. Ba ni da laifi ko ɗaya da zan ɗora masa, kuma wannan ne abin da Umma ta kasa yafe min.

Sai kuma Asabar. Duk Asabar ƙarfe biyu na rana muna zama a kan teburin cin abinci mai kujera shida da marigayi Baba ya saya, wanda tun da aka kawo shi ba wanda ya taɓa cin abinci a kansa. Wasa muke yi, wasan labari, da na koya a jami'a wurin wata da muka zauna ɗaki ɗaya. Ni ce mai jan labari. Ina ƙirƙiro duniya da garuruwanta da dodanninta, kowane ɗan wasa kuma ya ɗauki mutum ɗaya a cikinta ya zama shi. In ce, “Kun iso bakin kogo, kuna jin numfashi daga ciki, me za ku yi?” Su faɗa. Idan abin da suke so su yi mai haɗari ne, sai a jefa ƙwaya, irin ta ludo amma mai fuska ashirin. Babbar lamba ka tsira. Ƙarama, Allah ya ji ƙanka.

Shekarar farko Umma ta ɗauka caca ce. Da ta tabbatar ko sisi babu a ciki, sai ta fi jin haushi.

'Yan wasana uku ne. Yaya, malamin lissafi a sakandare, shi ne ƙato mai gatari wanda ke tsoron kaji. Sista, ƙawata ma'aikaciyar jinya, ɓarauniya ce a wasan, ta ce nan ne kaɗai ake barinta ta cutar da mutum da gangan. Sai Dogo, ɗan Gwaggo, wanda ya zaɓi zama mawaƙi, kuma yakan dage sai ya rera waƙar da gaske.

Da yawanku kun tambayi yadda ake jan wasan. Ga kaɗan kyauta, za ku ga amfaninsu a gaba. Kada ki shirya labari. Idan kika shirya labari, 'yan wasa za su tattake shi kamar awaki sun samu shanya. Ki shirya wuri, ki zuba mutane a ciki, ki ba kowa abin da yake so da abin da yake ɓoyewa, sannan ki koma gefe. Na taɓa ɓata mako uku ina gina fadar wani sarki, Yaya da mutanensa suka tsaya a kasuwar ƙofar gari suna cinikin jaki har aka tashi. Kada kuma ki ce wa ɗan wasa ba zai yiwu ba. Ki ce, “Gwada mu gani,” ki tura masa ƙwaya. Mutum ya fi yarda da faɗuwar da ya jefa da hannunsa. Ƙwayar da ta gangara ta faɗi ƙasa kuwa ba a ƙirga ta, ko da ashirin ta nuna. Sai an sake jefawa a kan tebur, a gaban kowa. Wannan dokar ta hana Yaya da Dogo dambe sau ba adadi.

Sai kwali. Mai jan labari tana kafa kwali a gabanta, a bayansa take ɓoye takardunta da tata ƙwayar. Nawa kwalin dutsen guga ne na yi masa fenti. Wani lokaci nakan jefa ƙwaya a bayansa ba don komai ba, in leƙa, in ɗan yi murmushi, in ce, “Ba komai, ku ci gaba.” Nan take za ki ga manya da gemu sun daina tauna biskit. Tsoro ba ya buƙatar dodo, ƙarar ƙwaya a inda ba ka gani ta isa. Duk wasan a kan kwalin nan ya tsaya. Abin da ke bayansa nawa ne. Wanda ya leƙa bai ci wasa ba, kashe shi ya yi.

Wata biyu da suka wuce Mutumin Kirki ya ce yana so ya shiga.

“Ina so in san abin da kike so,” in ji shi. Umma, da ke bayan labule tana aikin da ba wanda ya sa ta, ta yi gyaran murya irin ta wadda aka sosa wa inda ke mata ƙaiƙayi.

Ya zo da farar riga mai dogon hannu, ya naɗe hannun ninki biyu daidai wa daida, ya cire agogo ya ajiye a gefen takardarsa. Na tambaye shi wa yake so ya zama, jarumi, maharbi, ko mai sihiri.

“Magatakarda,” ya ce.

Dogo ya ƙware da shayi. “Magatakarda? In dodo ya taso sai ka rubuta masa takardar gargaɗi?”

“In an yi lissafi da kyau, ba a haɗuwa da dodo.”

Aka yi dariya, har da ni. Ranar ya riƙe ƙwayar da yatsu biyu kamar wanda aka miƙa wa mataccen kyankyaso. Magatakardansa ya faɗa rami, kare ya yaga masa wando. Da aka tashi ya ce min, cikin sanyin muryar nan tasa, “Wasan yana da kyau. Sai dai ni ba na son abin da ban san ƙarshensa ba.”

A makon ne gilashin wayata ya tsage. Kafin in gama ƙorafi ya kawo sabuwa, da koren murfi, launin da nake so. “Har na saita miki komai,” ya ce, “don kada ki wahala.” Umma ta juya wayar a hannu kamar jaririn da aka haifa mata.

Daga Asabar ta gaba magatakarda ya daina faɗawa rami.

Lokacin na kai su wani birni da aka sassaƙa da gishiri, inda ruwan sama ya fi kowane dodo haɗari. Sarkin birnin ba shi da inuwa, kuma ya kulle 'yar mai kwale-kwale a wata hasumiya da ba a san ƙofarta ba. Aikinsu su fito da ita. A hanya wata tsohuwa ta miƙa musu ruwa a ƙoƙo. Yaya har ya kai hannu, Mutumin Kirki ya ce a bari tukuna, a fara ba akuyarta. Akuya ta sha ta mutu. Suka iso wani matakala, ya ce yana jin a jikinsa a tsallake hawa na tara. Hawa na tara ne na ɗana wa wuƙaƙe. Mako shida bai jefa ƙwaya ko sau ɗaya a kan abin da zai iya kashe shi ba. Wasan ya zama kamar bin layin asibiti: kowa ya isa lafiya, ba wanda ya ji daɗi.

“Kai, wannan magatakardan duba yake yi?” in ji Sista.

“Lura ce kawai,” ya ce, yana gyara zaman agogonsa.

Lurar ba a tebur ta tsaya ba. Na duba wani mayafi ruwan zuma a waya sau biyu ban saya ba, ran Alhamis ya kawo shi a leda. Na rubuta wa Sista cewa kaina na sarawa, kafin la'asar ga maganin ciwon kai a hannun mai gadin ofishinmu. Umma ta ce wannan shi ake kira so. Yaya ya ce basira ce irin ta masu ilimi. Ni kuma sai nake ji kamar ɗakina ya ƙara taga ɗaya wadda ban san a wane bango take ba.

Sai ranar gada. A shirina na farko akwai gadar igiya kafin a isa hasumiya. Da safiyar Asabar, ina guga, na ga gadar ba ta burge ni ba, na soke ta a raina ban gyara rubutun ba. Muna tsakiyar wasa, Dogo yana roƙon a bar shi ya yi wa masu gadi waƙa, Mutumin Kirki ya ce, “Mu adana igiyarmu sai mun kai gada.”

“Wace gada?” in ji Dogo.

Mutumin Kirki ya ɗago ya dube ni ta saman kwali.

“Hanya ai ba ta rasa gada,” ya ce.

Na jefa ƙwaya a bayan kwali don hannuna ya samu abin yi. Ban ga lambar da ta fito ba.

Litinin da safe ina tsaye gaban madubi ina soka allurar mayafi, Umma ta shigo ba sallama, ta zauna a bakin gadona, ta fara ninke rigunan da na riga na ninke.

“Auta, manyansa suna so su zo ganin Kawunki. Lahadi ta sama.”

“Umma, ban ce komai ba tukuna.”

“Shi ne abin da na zo karɓa. Wata bakwai kina auna mutum kamar fili. Yana sha?”

“A'a.”

“Yana zagi? Ya taɓa ɗaga miki murya? Ya hana ki aiki? Har ludon nan naki na marasa aikin yi ya zauna yana yi, da digirinsa biyu.”

“Umma, ya san abubuwa da yawa.”

Ta ajiye rigar ta dube ni kamar na ce yana da hanci. “To, mu nemo miki jahili? Asabar ɗin nan nake son amsa. In e ne, e. In a'a ne, ki zo min da dalilin da zan iya faɗa wa Kawunki ban sunkuyar da kai ba.”

Dalili. Me zan ce wa Kawu? Ya san da gadar da babu ita?

Ranar a ofis na zana iyakar filin wani bawan Allah har cikin masallaci, sai da shugabana ya dawo min da takardar. Tunanina ɗaya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangona wuri uku ne zai iya tsagewa. Shirina a waya nake fara buga shi idan aiki ya yi sauƙi. Sannan in kwafe a baƙin littafina da ke kulle a durowar gefen gado. Na uku kuma bakina, domin Yaya ne ke sauke ni a ofis kullum, kuma tun muna yara bai iya haƙuri da sirri ba, yakan yi ta naci sai na ɗan yaga masa wani abu.

Akwai dabarar da masu jan labari ke yi idan suna zargin ɗan wasa yana leƙe: ki sauya wa ƙofa wuri, ki zuba ido ki ga wanda zai je ya ƙwanƙwasa bango. Ni sai na yi ƙofofi uku.

A waya na rubuta cewa ƙofar hasumiya tana cikin busasshiyar rijiyar kasuwa. A littafi, bayan na bar wayar a falo, na rubuta cewa tana bayan madubin shagon wanzami. Laraba kuma na yi kamar na manta wayar a gida, muka shiga mota da Yaya.

“Haba Auta, ko da harafin farko ne,” ya fara tun ba mu fita layinmu ba. “Ni fa na goya ki.”

“Ka yar da ni sau biyu.”

“Sau ɗaya. Na biyun ke kika zille.”

Na bari sai da muka tsaya a danja, na yi ajiyar zuciya kamar wadda aka ci da yaƙi. “Tanderun mai burodi. Ta nan ake shiga. Amma wallahi in ka yi amfani da ita, ko ka faɗa wa wani, sai na sa kaza ta cinye ƙatonka.”

“Bakina ƙanin ƙafata,” ya ce, yana murmushi har kunne.

Lissafin mai sauƙi ne. In ya nufi rijiya, waya ce. In madubi, hannu ya shiga durowata. In tanderu, Yaya ne. In bai nufi ko ɗaya ba, to ni ce mai mugun zato, in nemi gafarar Allah in ba Umma amsarta.

Asabar na sa doguwar riga baƙa da tsohon mayafina, ba ruwan zuman ba. Hadari ya haɗo tun azahar, falon ya yi duhu har sai da muka kunna fitila. Umma ta kawo shayi a kofunan baƙi, waɗanda ba ta taɓa fito wa Dogo da su ba. Mutumin Kirki ya iso biyu saura minti biyar, ya jera takalmi, ya naɗe hannun riga, ya ajiye agogo.

Na shimfiɗa taswirar kasuwar da na zana. Ga rijiya a tsakiya, ga shagon wanzami, ga gidan burodi, a cikin wasu shaguna goma sha biyu don kada su yi fice.

“Gajimare yana taruwa a kan birnin gishiri,” na ce. “In ruwa ya sauko, hasumiyar za ta narke da yarinyar a ciki. Kuna tsaye a kasuwa. Me za ku yi?”

Sista ta ce za ta yanke aljihun mai gadi ko akwai mabuɗi. Dogo ya fara gyaran murya, aka roƙe shi da girman Allah. Yaya ya ƙura wa kofinsa ido, ko sau ɗaya bai dubi gidan burodi ba, har na ji ya ba ni tausayi. Ni kuwa yatsan mutum ɗaya nake kallo.

Yatsan ya bi taswira a hankali. Ya wuce rijiya. Ya wuce wanzami. Ya wuce gidan burodi. Ya tsaya a jikin hasumiyar kanta.

“Yau kaina ya toshe,” ya ce. “Ban ga hanya ba. Zan gwada hawa bango.”

“Magatakarda zai hau bango?” in ji Dogo. “Da alƙalami?”

Na tura masa ƙwaya. “Gwada mu gani.”

Ya girgiza ta a tafin hannu kamar kowa, ya jefa. Biyu.

Falon ya kaure. Magatakarda ya zamo daga bango ya faɗa kwandon tumatir, ƙafarsa ta karye, ƙaton Yaya ya saɓa shi a kafaɗa, Dogo ya samu damar rera masa waƙar ta'aziyya baiti huɗu ba wanda ya hana. Mutumin Kirki ya yi dariya har da share ido. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Suka ƙare wasan suna ƙwanƙwasa bangon shagon mai tukwane, na tsayar da labari daidai ɗigon ruwa na farko, domin mai jan labari tana tashin mutane ne tun suna so, ba sai sun ƙoshi ba.

Ku da kuke karatu, kun san irin kunyar da ke kama mutum idan ya gama caje baƙo bai samu komai ba? Ita ta rufe ni. Na tuna gada, na ce a raina ai hanya da gaske ba ta rasa gada. Na tuna mayafi, na ce wataƙila Sista ce ta tsegunta masa. Mutum ya zauna ana masa dariya a kwandon tumatir saboda ni, ni kuma ina nan ina haƙa masa ramuka uku.

Da suka watse na samu Umma a kicin tana ɗauraye kofunan baƙi.

“Umma, su zo.”

Ba ta ce in maimaita ba, kada in samu damar gyarawa. Ta goge hannu a zani, ta wuce ɗaki, kafin in gama kwashe biskit na ji muryarta: “Yaya, albishirinka!” Kawu ke nan ta kira a waya. Bayansa Gwaggo. Bayanta wasu da na ɗauka sun daɗe da rasuwa.

Ina naɗe taswira wayar ta yi ƙara a kan tebur. Shi ne mutum ɗaya tilo da na sani mai sa waƙafi a saƙon waya.

“Na isa gida lafiya. Na gode da yau.”

Na yi murmushi. Wallahi na yi.

“Umma ta kira ni. Na yi farin ciki ƙwarai.”

Na fara buga amsa. Kafin in gama, na uku ya shigo.

“Abu ɗaya kawai, don mu fara da gaskiya. Rijiya, madubi, tanderu. Uku kika shirya, kuma babu ta gaskiya ko ɗaya. Ban ji daɗi ba, Auta. Mace ba ta kafa wa mijinta tarko.”

Ruwan da ya yini yana haɗuwa ya fara sauka a kan kwano. Na karanta kalmomin nan uku, na sake karantawa. Rijiya. Madubi. Tanderu. Ina neman bangon da ya tsage, ashe gidan ne babu bango.

“Amma na yafe,” in ji na huɗu. “Ki daina wahalar da kanki da kwali. Bayan aure ba za ki buƙace shi ba.”

Na ajiye wayar a hankali, fuskarta a ƙasa, kamar hakan zai rufe mata ido.

Umma tana zaune a tsakiyar gadonta da tabarau a kan hanci, tana bin sunayen dangi a waya da yatsa.

“Umma, na fasa.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ai ya faɗa.”

“Wa?”

“Mutumin Kirki mana. Ya ce kafin magariba za ki shigo ki ce kin fasa. Ya ce kada in yi miki faɗa, fargaba ce, kowace yarinya tana yi.” Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta girgiza kai cikin sha'awa. “Ko shida ba ta yi ba. Kin gani? Ni da na haife ki ban san ki haka ba.”

“Umma, kin buɗe min durowa?”

“Durowar gidana? Ji min yarinya. Hoto kawai nake ɗaukar masa, shafi biyu, uku. Cewa ya yi yana so ya burge ki, kada ya ji kunya a gaban Dogo. Mutum yana son ki har yana karatu a kanki kamar zai zana jarrabawa, ke kina nan kina kumbura fuska. Mu a zamaninmu, ubanki sai da muka shekara bai san ba na shan madara ba.”

“Littafin ba wasa ne kaɗai a ciki ba, Umma.”

Gaskiya ce. Daga bayan littafin nake fara rubuta wasa, daga gabansa kuma ni ce. Abin da na rubuta ranar da Baba ya rasu. Sunan wanda na so a jami'a bai sani ba. Dukan abin da nake tsoro, a jere, da lamba.

“To, ai gara ya sani tun yanzu,” ta ce, ta koma kan sunayenta. “Magana ta riga ta fita. Kawunki har ya ce a wanke masa babbar rigarsa.”

A baranda na ci karo da Yaya yana neman mabuɗin mota a aljihun da babu shi.

“Tanderu, Yaya?”

Ya kasa kallona. “Wasa ne fa, Auta. Tambayata ya yi, kin san ni da baki. Kuma shi ya ce in yi shiru yau, kada in ɓata miki shiri. Kin ga ai yana kula da ke.”

Na koma falo. Teburin Baba yana nan da kofin Dogo da ɓurɓushin biskit. Na ɗaga kwalina, ƙwayar da ke bayansa ta gangara, ta bi gefen tebur, ta faɗi ƙasa, ta shige ƙarƙashin kujerar da ya zauna. Na durƙusa na ɗauko ta. Ban duba lambar ba. Shekara shida ina faɗa wa ƙattai a kan teburin nan cewa wadda ta faɗi ƙasa ba a ƙirga ta, ban taɓa zaton ni dokar za ta yi wa rana ba. E ɗin da na ba Umma a kicin a ƙasa ya faɗi.

A durƙushen nan na lura da wani abu a saƙonsa. Ya san ukun ƙarya ne. Bai faɗi ta gaskiyar ba. Mutumin da ba ya barin waƙafi ya wuce shi, da ya sani da ya faɗa.

Hasumiyar tana da ƙofa. Na san inda take tun ranar da na ƙirƙiro birnin. Ban buga ta a waya ba, ban rubuta ta a littafi ba, ban faɗa wa mai rai ba. Wannan ce shawarar ƙarshe ga masu son jan labari, kuma ita ce na fi biya da tsada: abin da ya fi komai muhimmanci, kada ki ajiye shi ko a bayan kwali.

Yau Talata. Wayar tana kan gadona tana caji, tana sauraron fanka. Littafin yana durowa, na ƙara masa shafuka uku masu kyau don Umma ta samu abin ɗauka. Yaya ya sauke ni a ofis, mun yi hirar tsadar taya. Wannan da kuke karantawa a wata na'ura na buga shi, a wani wuri. Na san za ku cika min akwati da tambaya: me za ki yi, ina ƙofar take? Ku yi haƙuri. Ku dubu goma sha ɗaya ne, kuma ban san fuskar kowa ba.

Manyansa Lahadi za su zo. Tsakanina da Lahadi akwai Asabar ɗaya, da tebur, da shaidu uku, da Umma a bayan labule.

Kai kuma, na san ka kai nan, domin ba ka taɓa barin shafi a rabi ba. Ƙarfe biyu. Ka jera takalmanka, ka ajiye agogonka.

Wannan karon sai ka jefa ba ka san ƙarshen ba.